Silon mota ya ƙi sauka da safe: yadda muka bi sawunsa gareji uku kafin a gano

Motar Corolla ce ta 2004, 'yar Amurka, mai injin 1ZZ-FE na lita 1.8 da giya mai canza kanta. A tsakiyar Disamba, da hunturu ya kankama a Kano, na fara lura in na tayar da ita bayan sallar asuba allurar gudun injin tana tsallakawa kusan juyi 2,000 a minti, injin yana ta ƙugi. Wannan kaɗai bai tayar mini da hankali ba, don kowace mota tana ɗaga murya da safe. Abin da ya dame ni shi ne bayan minti goma sha biyar, har na yi nisa a titi, in na tsaya a danja na mayar da giya N, allurar tana nan a kan 1,200, alhali gurbinta na ainihi wajen 700 ne. In na sa giya a D sai motar ta zabura, a cunkoso kuwa sai na danne birki da ƙarfi don tana son tafiya da kanta. Mai ma ya fara ƙarewa da wuri, kuma tun da aka cire tallafin fetur a 2023 babu mai mota da ba ya ƙirga litarsa. Akwai wasu alamu uku da nake gani kullum amma ban haɗa su da maganar silo ba, wato gudun injin in mota tana tsaye ba a taka totur ba: allurar zafi ba ta kaiwa tsakiya, fankar lagireto tana tashi da zarar an murɗa makulli, sannan giya ta huɗu tana jinkirin shiga da safe. Da na kawo su gaban bakanike tun ranar farko, da ban yi asarar mako biyu ba.

Ya kamata a fara raba lafiya da cuta, don mutane da yawa suna kai mota gyara a kan abin da ba matsala ba ne. Injin da ya kwana a sanyi, fetur ɗin da nozul ya fesa ba ya zama tururi sosai, wani yana manne wa bangon hanyar iska, baƙin mai kuma ya yi kauri yana riƙe ƙarafan da ke juyawa. Saboda haka kwamfutar motar, wadda bakanikai ke kira biren bos, da gangan take ƙara mai ta kuma buɗe hanyar iska, don injin kada ya mutu, kuma don tukunyar tace hayaƙi da ke jikin salansa ta yi zafi da wuri. A irin wannan injin, tashi zuwa 1,200 ko 1,500 a safiyar sanyi daidai ne. Sharaɗin shi ne ya riƙa sauka a hankali yayin da ruwan injin ke ɗumama, har ya zauna tsakanin 650 da 750 in ya gama zafi, giya a N, an kashe esi da fitilu. Kunna esi yana ɗaga shi kaɗan, wannan ma daidai ne. Don haka tambayar da za a yi ba nawa allura ta kai da aka tayar ba ce kawai. Ana duba minti nawa ta ɗauka kafin ta sauko, a ina ta tsaya, kuma tana zaune wuri guda ko tana hawa da sauka.

Garejin farko na unguwa ne, na isa da ƙarfe tara, na jira kamar awa guda kafin maigidan ya gama da wata mota. Ya saurari injin, ya ce, "Alhaji, datti ne a totur, a wanke a rage silo, shi ke nan." Yaronsa ya kwance tiyon iska, ya fesa maganin wanke kafireta a bakin totur ya goge da tsumma, baƙin datti ya fito sosai. A nan aka duba abubuwa biyu masu amfani: kebur ɗin totur yana da ɗan saki kamar yadda ake so, bai ɗaure ba, kuma shimfiɗar ƙasa ba ta danne fedar ba. Sai maigidan ya ɗauko sukundireba zai juya ɗan sukurun da farantin totur ke tsayawa a kansa. Na ce masa ya dakata. Wannan sukurun daga kamfani aka saita shi, aikinsa hana farantin maƙalewa a bango in ya rufe, ba shi ke riƙe silo ba. A motar kafireta ta da, juya sukuru shi ne gyaran. A motar nozul kwamfuta ce ke riƙe silo, in ka taɓa sukurun ka canza abin da sensar totur ke karantawa, ka ƙara matsala ta biyu a kan ta farko, gyaran gangar Auzinawa ke nan. Bai ji daɗi ba amma ya ajiye. Na biya naira 3,000. Washegari allura ta ma ƙara hawa kaɗan, kuma akwai dalili: kwamfutar ta saba buɗe iska da yawa don ta rama dattin da ya toshe hanya, da aka share dattin sai iskar ta yi yawa har sai ta sake koyo. Bayan kwana biyu ta koma 1,200 ɗin da na sani.

Na biyu wurin rewaya ne. Shi ya ɗora laifin a kan bawul ɗin silo, ɗan akwatin da ke manne a ƙasan totur wanda ke buɗe wa iska ƙaramar hanya ta kewaye farantin. Zarginsa ba na banza ba ne, don wannan bawul yana cika da toka ya maƙale a buɗe, kuma Corolla ta 2003 da 2004 mai kebur tana da shi. Ya ce a sayo ɗan Beljiyam. Na ba da naira 18,000, aka tura yaro kasuwa, muka zauna awa biyu da rabi a kan benci muna shan ƙura. Abu guda da na yi daidai a ranar, na ce a gaya wa mai kaya in bai yi aiki ba za a dawo da shi, kuma a rubuta a bayan rasit. Da aka kwance nawa, rewayan ya juya ɗan ƙarfen cikinsa da yatsa, yana juyawa lafiya, datti kaɗan ne. Duk da haka aka ɗaura ɗayan. Ana cire shi ruwan injin yana ɗiga, domin ƙananan tiyo biyu na ruwa suna ratsa wurin, kuma na lura ruwan da ya zubo ja ne na tsatsa, ko ɗumi sosai bai yi ba duk da na tuƙo motar daga nesa. Aka tayar, babu abin da ya canza. Muka mayar da nawa bayan an wanke shi, mai kaya ya karɓi nasa ya cire naira 2,000, rewaya ya karɓi 2,500 na aiki. Na fita daga wurin raina a ɓace, don na gane lalube muke yi cikin duhu, kowa yana canza abin da ya saba canzawa.

Na uku mai na'urar sikanin ne, kuma shi ne ya fara yi mini tambayoyi kafin ya buɗe bonet. Ya ce ba zai duba a ranar ba, in bar motar ta kwana a wurinsa in dawo ƙarfe bakwai na safe, kada kowa ya tayar da ita. Dalilinsa shi ne matsalar sanyi a sanyi ake kama ta. Da safe ya soka na'urar a soket mai ƙafa 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, ya murɗa makulli ba tare da ya tayar da injin ba. Abu na farko da ya nuna mini, fitilar cek injin, mai gargaɗi in injin yana da matsala, ba ta kama ba sam, alhali dole ta kama tare da sauran fitilu kafin a tayar. Wani ya cire ƙwanta tun kafin motar ta zo hannuna. Shekara biyu ina murna motata ba ta taɓa kunna wannan fitila ba. A ciki akwai lambobi biyu a ajiye: P0128, mai nuna ruwan injin ba ya kai zafin da ya kamata, da P0171, mai nuna iska ta fi mai yawa a cakuɗin. Sai ya buɗe shafin da ke nuna abin da sensa ke karantawa kai tsaye. Zafin ruwa digiri 15, zafin iskar shiga digiri 14. Ya ce wannan gwaji ne mafi arha na sensar ruwa: motar da ta kwana, ruwanta da iskarta zafinsu ɗaya ne, in lambobin biyu sun yi kusa to sensar ba ta ƙarya. Da ta lalace ko wayarta ta tsinke, da za a ga abin da ba zai yiwu ba, kamar 40 ƙasa da sifiri. Wanda ba shi da na'ura zai iya auna ta da mita: wajen ohm 2,400 a digiri 20, ta sauko wajen 300 a digiri 80.

Muka tayar, allura ta hau 1,950. Ya zauna a kujerar gefe da na'urar a cinyarsa, na tuƙa mu minti ashirin. Zafin ruwa ya hau da ƙyar zuwa 58, in mun sami titi mai sarari ma sai ya sauko 54. Injin da ke da lafiya a wannan tazarar ya wuce 80 tuni. Nan ya bayyana mini maganar giya: kwamfutar Toyota tana hana shiga giya ta huɗu in ruwan injin bai kai wajen digiri 60 ba, shi ya sa nake jin motar tana ihu a giya ta uku da safe. Da muka dawo ya nuna mini lambar gyaran mai, wato kason da kwamfuta ke ƙarawa ko ragewa a kan abin da ta lissafa. A silo tana ƙara kashi 19 cikin ɗari. Da ya taka totur zuwa 2,500 ya riƙe, ƙarin ya sauko zuwa kashi 5. Ya ce wannan sa hannun ɓarauniyar iska ne. A silo iskar da injin ke sha kaɗan ce, don haka ɗan abin da ke shiga ta ɓaraka yana da girma a lissafi, da an taka totur sai ya nitse cikin iska mai yawa. Da eyafulo, sensar da ke auna iskar da injin ke sha, ne ya yi datti ko famfon mai ya raunana, ƙarin zai fi tsanani ne lokacin da aka taka. Ya ce, "Yallaɓai, cuta biyu ce a motarka, kowace tana ɗaga silo ta hanyarta. Mu fara da ruwan." Kuɗin dubawa naira 5,000, kuma na ɗauki hoton kowane shafi da wayata kafin ya goge komai.

Tamostat ɗin wannan injin, wanda shi ke sa ruwa ya kai zafinsa, yana inda tiyon lagireto na ƙasa ya shiga injin, a bayan altaneta, wurin da hannu ke shiga da wahala. Aka cire kan batir, aka zubar da ruwa, aka kwance notuna biyu na murfin. Babu komai a ciki, sai robar da aka shafe da gam. An cire tamostat ɗin gaba ɗaya. A akwatin fiyus kuma muka tarar an cire rile na fanka, ɗan makunnin da ke tayar da ita in injin ya yi zafi, an haɗa ƙafafun da guntuwar waya, abin da ake kira fanka dairek. Wannan aiki ya zama ruwan dare a garejinmu, hujjar kullum ita ce wai tamostat na ƙasar Turawa ne, nan zafi gare mu. Maganar ba ta tsaya ba. Tamostat ƙofa ce da ke rufe hanyar lagireto har ruwa ya kai digiri 82, sannan ta buɗe, in ta buɗe sosai ruwa yana wucewa yadda aka tsara ko a zafin Afrilu. In babu ita, ruwa yana zagaya lagireto tun daga daƙiƙar farko, ga fanka tana hura masa iskar hunturu, injin ba zai taɓa kai zafin aikinsa ba. Kwamfuta kuma gaskiyarta, ana gaya mata injin da sanyi, sai ta riƙe silo a sama ta ci gaba da ƙara mai. Bayan asarar fetur, man da bai ƙone ba yana wanke bangon silinda ya gangara cikin baƙin mai, filogi na yin baƙi, injin yana cinyewa a hankali ba tare da ya yi ƙara ba.

Amma mai sikanin bai yarda a ɗaura sabo nan take ba, kuma a nan na ƙara ganin girmansa. Ya ce babu mai cire tamostat haka kawai, wataƙila motar ta taɓa yin oba hitin aka rufe matsalar da wannan dabara, in muka mayar ba mu nemo dalilin ba za ta tafasa a hanya. Aka duba famfon ruwa ko yana ɗiga ko yana da wasa, lafiya lau. Aka duba baƙin mai ko ya yi fari kamar madara, aka duba ko kumfa na tasowa a bakin lagireto, alamun tof gasket, babu. Murfin lagireto robarsa ta tsage, ba ya riƙe matsi, ruwan da babu matsi kuwa da wuri yake tafasa. Lagireton kansa da aka kai wa masu wankewa, kusan sulusin bututunsa a toshe suke da tsatsa da farar ƙasa, sakamakon shekaru ana zuba masa ruwan rijiya. Ga dalilin ya fito. Wankin ya ci yini guda da naira 6,000.

Sayen tamostat na yi shi da kaina a Ƙofar Ruwa, na tafi da lambar jikin motar mai harafi 17 a rubuce don a ba ni wanda ya dace. Ana duba abu uku: an buga 82 a jikinsa, yana da ɗan ƙaramin bawul mai kaɗawa a gefen farantin, kuma ya zo da sabuwar robarsa. Na biya naira 14,000, murfin lagireto 4,000. Kafin a ɗaura muka gwada shi a tukunya a kan risho: aka rataye shi da waya kada ya taɓa gindin tukunyar, aka sa ma'aunin zafi a ruwan. Ya fara buɗewa da ruwa ya ɗan haura 80, kafin ya tafasa ya buɗe sosai, da aka fitar ya huce ya rufe ruf. Minti goma ne, kuma ya fi a ɗaura jabu a sake kwance altaneta. Wajen ɗaurawa, ɗan bawul ɗin nan sama yake kallo, don ta nan iskar da ta maƙale take fita. Notunan murfin ƙanana ne, ba a ja su da ƙarfin tsiya. Injin yana cin ruwa wajen lita 6.5, muka zuba kulant mai ja da aka riga aka gauraya, galan biyu naira 16,000, ba a ƙara masa ruwan famfo ba. Cire iska yana son haƙuri: murfi a buɗe, hita a kan zafi, injin yana silo, ana matsa tiyon sama ana ƙara ruwa yayin da kumfa ke fita. In aka yi gaggawa iska ta zauna kusa da sensa, allurar zafi da silo duka za su riƙa rawa, a zaci wata sabuwar cuta ce. Aka mayar da rile na fanka, 2,500. Muka tsaya muna kallon na'ura: tiyon ƙasa ya zauna da sanyi har ruwa ya kai 82, sai ya ɗau zafi lokaci guda, alamar ƙofa ta buɗe. Fanka ba ta motsa ba sai wajen 95, ta yi aiki ƙasa da minti ɗaya ta tsaya. Wannan jiran na fanka shi ne lokacin da gabana ya fi faɗuwa, don ido ya saba ganinta tana juyawa kullum.

Washegari rabin matsalar ta tafi. Cikin minti bakwai allurar zafi ta zauna ɗan ƙasa da tsakiya, giya ta huɗu ta shiga a kan kari, silo da zafi ya sauko wajen 800. Amma tashin farko yana nan kusa da 1,900, kuma a mintunan farko yana hawa yana sauka kamar mai haki. Na sake barin motar ta kwana. Neman ɓarakar iska da injin mai sanyi ake yi, saboda roba tana ƙanƙancewa a sanyi ta buɗe hanya, in ta ji zafi ta kumbura ta toshe, shi ya sa mai dubawa da rana ba ya samun komai. Ya fara da masu sauƙi. Ya matse tiyon da ke zuwa tukunyar birki da filaya, babu canji. Ya duba tiyon numfashin injin da ke fitowa daga murfin sama da ɗan bawul ɗinsa, ya girgiza shi ya ji yana ƙara, lafiya. Ya lanƙwasa babban tiyon iska tsakanin eyafulo da totur yana neman tsaga a cikin ninkin, babu. Sai ya ɗauki gwangwanin wanke kafireta yana fesawa kaɗan-kaɗan a inda manifol ɗin roba, wato bututun da ke raba wa silinda iska, ya haɗu da kan injin, idonsa a kan na'ura. Da ya kai silinda ta ɗaya da ta biyu, muryar injin ta canza, lambar gyaran mai ta faɗo ƙasa nan take, ya maimaita sau uku sakamako ɗaya. Wannan magani yana kama wuta, don haka ba a yinsa a injin mai zafi ko kusa da wayar da ke tartsatsi, kuma da abin kashe gobara a gefe. Inda ake da na'urar hura hayaƙi cikin manifol, ta fi aminci, hayaƙin da kansa yake nuna ramin.

Gasket ɗin manifol na 1ZZ sananne ne da wannan hali. Na asali baƙar roba ce da ke bushewa ta baje da shekaru, wanda aka inganta daga baya ruwan lemo ne. Shi na nema, naira 9,000, tare da gasket ɗin totur 2,000 tunda sai an cire shi. Aikin ya ɗauki kamar awa biyu. Da aka zaro tsohon, ya yi tauri kamar busasshiyar fata, ya shafe daidai da ramin da yake zaune, a gefe guda ma akwai baƙin layin ƙura inda iska ke bi. Aka toshe ramukan kan injin da tsumma mai tsabta kada wani abu ya faɗa, aka goge fuskar ƙarfen ba tare da an kankare ta ba, aka zaunar da sabon a raminsa babu gam ko kaɗan. Gam a wannan wuri yana hana robar zama daidai, guntunsa kuma yana iya shiga injin. Notunan ana ɗaure su daga tsakiya zuwa gefe, a zagaye biyu, ƙarfin ƙarshe 30 a ma'aunin Nm. Manifol ɗin roba ne, wanda ya ja shi da dogon sifana yana iya lanƙwasa shi ya dawo da ɓarakar da hannunsa. Tun da an buɗe wurin, ya fesa wa eyafulo maganinsa na musamman ya bar shi ya bushe, bai taɓa siraran wayoyin ciki ba. Aka sa ƙwan fitilar cek injin, aka goge lambobi da abin da kwamfuta ta koya a baya. Sannan aka bar injin ya yi zafi, ya yi silo minti biyar babu kaya, minti biyar da esi, aka ɗan zaga gari. Aikin hannu na tamostat da gasket gaba ɗaya naira 15,000.

Safiya ta gaba allura ta tashi 1,400, cikin minti biyu ta sauko 1,100, kafin na fita babban titi tana 900, da ta gama zafi ta zauna a 700 ba ta motsi. Giya tana shiga D babu zabura. Bayan mako guda na koma aka sake sokawa, wannan karon bai karɓi kuɗi ba: babu lamba, gyaran mai yana yawo tsakanin kashi 2 da 3, ruwa yana zaune tsakanin 84 da 90. Mai kuwa na auna shi da cika tanki zuwa cika tanki a hanyar da na saba, bambancin ya fito fili. In aka tara, gyaran gaskiya tare da sikanin ya ci sama da naira 70,000, farashin lokacin ke nan kuma kaya ba sa zama wuri guda. Garejin farko da na biyu sun ci 7,500 da kwanaki, abin da suka ƙara mini kawai shi ne na san totur da bawul ɗin silo ba su da laifi.

Da zan sake bi, kafin in je ko'ina zan yi safiya biyu ina rubuta lambar allura a tashi, a minti biyu, a minti biyar, da bayan tuƙin minti ashirin, tare da inda allurar zafi ta tsaya. Zan murɗa makulli in tabbatar fitilar cek injin tana kamawa, in saurara ko fanka ta tashi da injin mai sanyi alhali esi a kashe. Zan taɓa tiyon lagireto na sama minti biyu bayan tayarwa, in ya riga ya fara ɗumi tare da injin to ruwa yana zagayawa tun da wuri, ko dai babu tamostat ko ya maƙale a buɗe. Waɗannan ba sa cin ko kwabo. Bayan su sai sikanin, da sharaɗin motar ta kwana, kuma a nemi a ga zafin ruwa da gyaran mai, kada a tsaya a karanta lamba a goge. Lamba tana nuna unguwar da matsala take, ba ta nuna gidan: P0171 ta sa mutane da yawa sun sayi eyafulo da sensar salansa alhali gasket ne. Duk kayan da za a gwada, a yi maganar mayarwa kafin a biya, tsohon da aka cire kuma a sa shi a but.

Mai Corolla ta 2005 zuwa sama ta Amurka, da galibin motocin da suka biyo baya, ya sani totur ɗinsa na lantarki ne, babu kebur babu bawul ɗin silo daban, ƙaramin injin lantarki ne a jikin totur ke buɗe farantin. Wanda ya ce zai canza masa bawul ɗin silo bai san motar ba. Irin wannan totur ana wanke shi da makulli a kashe, ba a banƙare farantin da ƙarfi, kuma bayan wanki sau da yawa silo yana hawa har sai kwamfuta ta sake koyon wurin rufewa, wasu motocin ma sai da na'ura ake koya musu. Maganar tamostat, sensar ruwa da ɓarauniyar iska kuwa duk ɗaya ce a kansu. Da safe kuma ba sai an bar mota tana ƙugi minti goma a ƙofar gida ba, balle a riƙa taka mata totur wai ta yi zafi. Rabin minti zuwa minti ɗaya ya isa baƙin mai ya zaga, sai a ja a hankali ba tare da an wuce 2,500 ba har allurar zafi ta motsa.